Yadda Ake Daidaita Sautin Jita a Situdiyo

Mai haɗa waƙa da kwamfuta a Kankiya ko Kusada yakan ji jita tana danne muryar mawaƙi. Maganin yana cikin EQ, manhajar da ke rage ko ƙara sassan sauti. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, wato hertz 82, don haka duk abin da ke ƙasa da 80 gurnani ne, a yanke shi. Idan sautin ya dagule, a rage tsakanin 200 da 400. Tsakanin 2,000 da 4,000 jita da murya suke karo, nan jita za ta sassauta. Haka ake yi wa gurmi da garaya. A waƙar Hausa baiti ake saurare, murya ce gaba.