Ƴar Kwamfuta Mai Girman Katin Ɗan Ƙasa: Aikin Ranar Farko

Kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci, ga wani karatu sabo.

Mai garkar albasa a Galmi, ko mai fili a gandun noman rani na Ƙonni, ya san wahalar ban ruwa: sammako, jan tiyo, tsaron inji. A 2011 wani ɗan Nijar, Abdou Maman Kané, ya ci kyautar Orange saboda dabarar kunna ban ruwa da wayar salula daga nesa. Irin wannan aiki na lantarki, yaron gidanka ma yana iya fara koyonsa da wata ƴar kwamfuta, sunanta Raspberry Pi.

A Ingila aka fito da ita a 2012, a kan dalar Amurka 35, don yara su koyi aiki da hannunsu. Tsawonta santimita 8 da rabi ne. Ba ta da akwati, ba ta da gilashin kallo. Falle ɗaya ce koriya, da ƴan ƙusoshi 40 a jere a gefe. Iri-iri ce, amma a nan muna maganar mai lamba 4, wadda ta fito a 2019.

Ba kamar salula take ba, da za ka saya ka kunna. Da kanta wayam take zuwa. Hankalinta yana cikin katin memori, irin wanda kake sa waƙoƙi da wa'azi. Nemi mai giga 16 ko 32. Kai shi wurin mai kwamfuta da intanet, a Ƙonni ko Tawa, ya sa manhajar Raspberry Pi Imager ya zuba maka Raspberry Pi OS. A kula, duk abin da ke cikin katin zai goge. Kada ka ɗauki na uwargida mai hotunan suna.

To, ga inda ake asara: wuta. Wannan kwamfuta bolt 5 take ci, da ƙarfin ampa 3. Batirin da faranti mai hasken rana yake cika maka bolt 12 ne. In ka haɗa su kai tsaye, ta ƙone nan take, kuɗinka sun tafi. Sai ka sa ƴar na'ura mai rage wuta daga 12 zuwa 5 a tsakani, irin cajar da ake soka wa a mota. In kuma kana da wutar Nijelek, kada ka dogara da kowace tsohuwar caja. Mai rauni takan kunna ta, amma sai ta riƙa mutuwa tana tashi, kai kuwa kana zargin mai kanti.

Soka katin tukuna. Haɗa talabijin da wayar HDMI, sannan allon rubutu da linzami. Wuta ita ce ta ƙarshe, don mai lamba 4 ba ta da makunni, da ta ji wuta ta tashi. Jar fitila za ta kama, koriya ta riƙa ƙyaftawa. Yi haƙuri, tashin farko yana da nawa. Za ta tambaye ka ƙasarka, da harshe, da suna, da kalmar sirri. Rubuta kalmar a littafinka na aji.

Yanzu ƙusoshin nan 40. Da su take ba da umurni ga fitila ko inji. Masu ba da umurnin bolt 3.3 kaɗai suke jurewa. Amma ƙusa ta 2 da ta 4 bolt 5 gare su, kuma suna dab da sauran. Waya ɗaya ta zame ta haɗa su, shi ke nan. Saboda haka kada ka taɓa ƙusoshi sai ka cire wuta, kuma ka ƙirga su sau biyu kamar yadda kake ƙirga buhunan albasa gaban dillali.

Na san zuciyarka tana kan injin ban ruwa. Dakata. Ranar farko ƴar fitila ɗaya ta isa, irin ta cikin tocila. Doguwar ƙafarta ta tafi ƙusa ta 11, ta bi ta cikin ɗan abin rage wuta mai om 330, masu gyaran rediyo suna da shi. Gajerar ƙafar ta tafi ƙusa ta 6. Da layi biyar ko shida na harshen Python za ka ce mata ta kama, ta mutu, ta kama. Umurnin da ya kunna fitilar nan shi ne zai kunna famfo wata rana, sai dai famfo ba ya hawa ƙusa. Makunni na dabam ake sa masa, ana ce da shi rile, kuma wannan haɗi sai tare da mai aikin lantarki.

Zafinmu da ƙurarmu ba su yi mata daɗi. In ta kai digiri 80 sai ta rage gudu da kanta. Ajiye ta a inuwa, cikin akwatin roba mai ƴan huji, ba bisa ƙarfe ba. In ka gama, ba ta umurnin kashewa, ka jira koriyar fitila ta daina ƙyaftawa, sannan ka zare wuta. Fizge waya yana lalata abin da ke cikin kati, sai ka sake biyan kuɗin mota zuwa wurin mai kwamfuta.