Jarumin Fim Ɗina Na Farko Ƙadangare Ne

Yau ba labarin sabon fim ko rigimar 'yan wasa na zo muku da shi ba. Bayani zan yi kan wani irin fim da kowannenku zai iya haɗawa da wayar da ke hannunsa, babu furodusa, babu kuɗin lokeshan, kuma 'yan wasan ba sa karɓar ko sisi: fim ɗin dabbobi da tsuntsayen da ke zaune tare da mu a cikin gari.

Mu mutanen Zamfara ba za mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar 'yan bindiga. Ni da na saba raba dare a YouTube ina bin Labarina da Izzar So, sai ga wayata ta koma tocila da kyamara kawai. Wata safiya ina zaune a tsakar gidanmu a Tudun Wada, nan Gusau, na rasa abin yi, sai na hango wani ƙaton ƙadangare mai jan kai a kan katanga yana ta gyaɗa kai kamar mai jin kalangu. Don kashe lokaci na ɗaga waya na fara ɗaukarsa. Innarmu ta fito daga madafa ta tsaya tana kallona, ta ce, "Wanga yaro, mi kaka ɗauka nan? Rashin waya ya kai ka ga ƙadangare?"

Ba a yi minti biyar ba wani namijin ya hauro katangar. Nan take mai gida ya miƙe, ya kumbura maƙogwaro, suka jera gefe da gefe, suka fara zabga wa juna wutsiya. Baƙon ya ji babu daɗi ya dire ya arce. Da dare na kunna wa ƙannena, ina yi musu magana a kai irin ta masu fassarar finafinan Indiya, suka yi ta dariya har Inna ta ce a maimaita mata. Tun daga ranar ban daina ba.

Me ya sa sai na kusa da gida?

Duk wanda ya taɓa kallon Planet Earth, shirin BBC da ya fito a 2006 da muryar David Attenborough, zai ɗauka cewa fim ɗin dabbobi sai da zaki da giwa, da jirgin sama, da kyamarar miliyoyi. Mu kuwa Yankari tana can jihar Bauchi, dazukanmu irin su Kuyambana kuma kowa ya san halin da suke ciki, ba wurin da mai hankali zai shiga da kyamara ba ne. Idan muka ce sai mun je daji, to mun haƙura ke nan.

Amma ko manyan masu sana'ar sun gane cewa cikin gari ma akwai kallo. A Planet Earth na biyu, wanda ya fito a 2016, an ware kashi guda sukutum kan dabbobin birane, har da kurayen da ke shiga garin Harar na ƙasar Habasha da dare. Akwai kuma wani Bature mai ɗaukar hoto, Martin Dohrn, da kullen korona ya tsare shi a gidansa a birnin Bristol na Ingila. Sai ya juya kyamararsa kan ɗan lambun bayan gidansa, ya ɗauki nau'in ƙudan zuma sama da 60, aka yi fim da shi a 2021 mai suna My Garden of a Thousand Bees. Shi korona ta kulle shi, mu rashin tsaro ya kulle mu. Abin da ya yi da bayan gidansa mu ma za mu iya yi da namu.

'Yan wasan da muke da su

Ƙadangare shi ne ya fi sauƙin farawa, domin ba ya barin wurinsa. Babban namiji yana da katangarsa da matansa, gyaɗa kan nan kuma sanarwa ce ga sauran maza cewa wurin da mai shi. Ka lura, da sanyin safiya launinsa a dushe yake, sai ya sha rana kan ya yi ja, jikin ya yi shuɗi mai duhu.

Mai son fim ɗin soyayya ya nemi bishiyar da marai ke sheƙa da damina, tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa da ke saƙa gidansa da ɗanyar ciyawa. Namiji ne ke saƙar. Idan ya gama sai ya rataye a ƙarƙashinta kai a ƙasa yana kaɗa fiffike yana kiran mace. Ita kuma ta zo ta leƙa ciki. In bai yi mata ba ta yi gaba, shi kuma ya warware ya sake sabon gini. Ku gaya mini, a finafinan Kannywood nawa muka ga saurayi ya sha irin wannan wahalar?

Mai son fim ɗin faɗa kuma ya zauna kusa da kaza mai 'yan tsaki a lokacin rani, ya jira shirwa. Akwai kuma shamuwa, wadda ke iso mana gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ta ci fara da tsutsa a gonaki, in ruwa ya ɗauke ta kama hanyar kudancin Afirka. Akwai belbela a bayan shanu, da hankaka a bola, da hazbiya a kan rufi, da jemagu da ke fita ayari-ayari da magariba, da bushiya mai yawon dare a gindin katanga. Wanda ke kusa da gulbi a Gusau ko Bunguɗu zai samu zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi.

Yadda ake ɗauka

Abu na farko, kada ka jawo hoto da yatsa fiye da kima. A yawancin wayoyinmu jawowar nan yanka hoton kawai take yi, sai ya fito dishi-dishi. Maimakon ka bi dabba, ka sa ita ta zo wurinka. Ni tsohon kasko na samu na zuba ruwa na ajiye a inuwar dalbejiya lokacin bazara. Kwana uku ba wanda ya kula shi, a rana ta huɗu kurciyoyi suka fara sauka. Sai in jingina wayar da dutse kamar taku biyu daga kaskon, in kunna ɗauka, in koma ɗaki. Mafi kyawun hotunana duk ba na wurin aka ɗauke su.

Na biyu, ka sauko daidai idon dabbar. Idan ka ɗauki ƙadangare kana tsaye, ƙadangare kawai za a gani. Idan ka kwantar da wayar a ƙasa daidai fuskarsa, sai ya koma kamar wani basarake a fada.

Na uku, kada hannu ya yi rawa. Ba sai ka sayi ƙafar kyamara ba. Ka cika safa da yashi ka ɗaure bakinta ka ɗora wayar a kai. Kuma duk abin da ka ɗauka ka bar shi ya kai aƙalla daƙiƙa 10 kafin ka tsayar, don ka samu abin yankawa wurin tacewa.

Na huɗu, haske. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, su ne lokutan aiki. Rana ta kasance a bayanka. Da tsakar rana inuwa kan yi baƙi ƙirin, dabbobin ma sun ɓuya. Da hunturu kuma ƙurar hazo na cinye duk abin da ke nesa, don haka ka tsaya kan na kusa.

Na biyar, idan wayarka tana da ɗauka mai tafiyar hawainiya, wadda ke kama hoto 120 ko 240 a daƙiƙa ɗaya, ka yi amfani da ita wurin tashin tsuntsu ko faɗan ƙadangaru. Sai dai tana son haske sosai, kuma tana cinye wuri a waya.

Na ƙarshe, ka yi tunani irin na darakta. A kowane sin ka ɗauki hoto iri uku: na nesa mai nuna wurin, na tsakiya mai nuna abin da dabbar ke yi, da na kusa mai nuna ido ko ƙafa ko baki. In ka zo haɗawa a CapCut, su ne za su ba ka labari. Ka tambayi kanka abin da marubucin fim ke tambaya: wane ne jarumi, me yake nema, wa ya tare masa hanya? Minti biyu masu labari sun fi minti ashirin na tsuntsu a zaune.

Sauti da kiɗa

Nan ne masoya waƙa za su shigo. Rabin daɗin irin wannan fim a kunne yake. Ka tashi bayan sallar asuba, kafin babura da injin niƙa su fara, ka ɗauki kukan kurciya da hayaniyar marai daban, daga baya ka shimfiɗa su ƙarƙashin hoton. In akwai iska, ka rufe wurin ɗaukar sautin da ɗan ƙyalle. Kada ka ɗora waƙar wani mawaƙi ba da izininsa ba, domin YouTube na iya toshe bidiyon ko ya ba mai waƙar kuɗin tallar. Ka nemi abokinka mai situdiyo ya buga maka ɗan kalangu ko sarewa na minti ɗaya. Kuma ka yi bayanin da Hausarka ta gida. Mai da dabba jarumi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, Ibrahim Narambaɗa ya yi wa doki waƙa sukutum, Dokin Iska, har gobe ana saurarenta.

Abubuwan da ba a yi

Kada ka ɗaure tsuntsu da zare, ko ka jefa wa mage ɓera, ko ka taɓa sheƙa don ka samu sin mai zafi. In uwa ta tsorata tana iya barin ƙwai ya lalace. Wanda ya yi haka danƙo kawai ya canza da waya.

Ka kiyaye mutuncin maƙwabta. Ni na taɓa bin wata shirwa da kyamara har na ɗaga waya saitin katangar wani gida. Maigidan ya fito a fusace, ya ɗauka iyalinsa nake ɗauka. Sai da na nuna masa bidiyon daga farko har ƙarshe, na ce, "Baba, a yi haƙuri, wallahi shirwa nake bi," sannan ya sauko. Gaskiyarsa ce, laifina ne.

Mafi girma kuma shi ne tsaro. Kada ka fita bayan gari kai kaɗai don neman hoto. Kada ka tsayar da mota a hanyar Gusau zuwa Tsafe wai ka ga tsuntsu. Kada ka nuna kyamara wurin shingen jami'an tsaro. A halin da muke ciki, baƙon fuska mai ɗaukar hoto a ƙauye ana iya yi masa kallon mai kai rahoto, kuma wannan zargi ba ƙarami ba ne. In za ka ɗauka a wata unguwa, ka fara gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Babu hoton da ya kai ranka.

Maikin Kwatarkwashi

Duk wanda ya bi hanyar Tsafe daga Gusau ya ga dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Garin ya yi suna tun da da bikin kamun maiki, domin a da a jikin dutsen maiki ke sheƙa. Wannan babban tsuntsu, ɗan uwan ungulu, shi ne masana suka laƙaba wa sunan wani Bajamushe, Rüppell. A watan Nuwamba na 1973 wani irinsa ya yi karo da jirgin sama a sararin Abidjan, a tsayin kusan mita 11,300, kuma ba a taɓa tabbatar da tsuntsun da ya kai haka sama ba. Ba banza Bahaushe ya ce mikiya mai hangen nesa ba.

A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa maiki da ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Gubar da ake sa wa mushe tana kashe su, ana kuma farautarsu don sayar da sassan jikinsu ga masu magani. Ku tambayi iyayenku yadda ungulu take cika kwata da bakin kasuwa a da, sannan ku tuna yaushe rabon da ku ga guda ɗaya. Ni duk lokacin da mota ta bi da ni ta gindin dutsen nan sai na ɗaga kai, har yau ban samu maiki a kyamarata ba.

Shi ya sa na daina ɗaukar abin nan wasa. Da a ce wani ya ɗauki ungulayen kwatar Gusau a zamanin da suke da yawa, da yau muna da abin nuna wa ƙannenmu. Shamuwar da ke kan bishiyar ƙofar gidanku, ba wanda ya ba ka tabbacin jikokinka za su same ta. Don haka duk abin da ka ɗauka, ka rubuta rana da wuri. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana da shirin tattara bayanan tsuntsayen Najeriya daga hannun masu sa kai, kuma irin bayanin da ɗan Tsafe ko Bunguɗu zai bayar daga ƙofar gidansa yana da amfani gare su.

Gobe da safe, kafin ka buɗe TikTok, ka zuba ruwa a kasko, ka jingina wayarka, ka ba ta minti 15. Innarmu da ta yi mini dariya a 2021, yanzu ita ce ke leƙo ɗakina tana cewa, "Tashi, ga mutanenka can sun sauka."

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, har wata rana mu hau dutsen Kwatarkwashi da kyamara, ba fargaba.