Masaukin Bakin Teku: A Duba Kafin A Biya

'Yan'uwa, mu mutanen Arewa masu shirin kai iyali hutu Legas, kada hoton otal ya ruɗe mu. Tekun Atlantika ba kogin Kaduna ba ne, igiyar ruwansa takan janye har gwanin iyo. Saboda haka mu fara da tambaya: akwai masu ceto a gaɓar? An ware wa yara wurin wanka? Mu kuma tabbatar gaɓar tana nan, domin an cike Bar Beach ana gina Eko Atlantic, a 2024 kuma aikin hanyar Legas zuwa Kalaba ya cinye gaɓar Landmark. Mu tafi tsakanin Disamba da Fabrairu, kafin damina. Araha ba ta ado, rai kuwa ba a sayensa a kasuwa.