Ziyarar Tsibiri da Hunturu: Sai Wata Ya Ba da Hanya

A gaɓar yammacin Faransa akwai wani tsibiri mai suna Noirmoutier. Idan lokacin zafi ya wuce, baƙi suka watse, masauki ya yi araha, sai wasu matafiya su bi gaɓar tekun Atlantika da mota zuwa can. To amma kafin mai wannan niyya ya buɗe taswira, wajibi ne ya duba jadawalin cikar teku.

Dalili kuwa shi ne, tsohuwar hanyar shiga tsibirin, wadda ake kira Gois, mai tsawon kimanin kilomita 4, teku yakan rufe ta sau biyu kowace rana. Ƙarfin jan da wata yake yi wa duniya, tare da na rana, shi ke sa ruwa ya cika ya kuma janye. Tsakanin wata cika da mai bi mata akwai kimanin awa 12 da minti 25, saboda haka lokacin yakan jinkirta da kusan minti 50 kullum. Ana ƙetarewa ne daga awa ɗaya da rabi kafin ruwa ya gama janyewa, zuwa awa ɗaya da rabi bayan haka. Wanda ya makara, sai ya bar motarsa ya haye ɗaya daga turakun tsira da aka kafa a gefen hanyar.

Hunturu kuma yana da nasa sharaɗi. A watan Disamba yini ba ya kai awa 9 a can, kuma iska mai ƙarfi takan tura ruwa ya zarce lissafin jadawali. Idan janyewar ta faɗo cikin duhu, ko sama ta ɓaci, akwai gadar da aka buɗe a 1971. Ita ce hanyar mai hankali.