Yadda Manhaja Take Kwaso Sanarwar da Aka Tara Mata

A cikin kwamfuta abubuwa da yawa sukan faru a lokaci guda: an buɗe fayil, an goge wani, an canja sunan wani. Manhajar da take lura da waɗannan abubuwa ba ta iya sauraren kowane ɗaya nan take, domin tana wani aikin. Saboda haka ake tara mata sanarwar a layi, sai ta sami sarari ta zo ta kwasa.

Mu ɗauki misalin inotify, wanda John McCutchan da Robert Love suka yi aikinsa, aka shigar da shi cikin Linux a shekarar 2005. Da farko manhaja takan faɗi jakar fayilolin da take so a sa wa ido. Daga nan duk abin da ya faru a jakar, Linux zai rubuta ɗan bayani ya ajiye a layi. Bayanin yana ɗauke da lambar jakar, da irin abin da ya faru, da sunan fayil. Idan manhaja ta karanta layin, sanarwar takan fito bi da bi, ta farko ita ce farko. Wadda aka karanta kuwa ta fita daga layi ke nan, ba a maimaita ta.

Amma layin yana da iyaka. A bisa al'ada yana ɗaukar sanarwa 16,384. Idan manhaja ta yi jinkiri har ya cika, duk abin da ya biyo baya ya ɓata, sai alama ɗaya da ake ba ta cewa layi ya cika. Manhajar da ta yi biris da wannan alama za ta ɗauka komai daidai yake, alhali wani fayil ya canja ba ta sani ba. Idan aikinta adana kwafin fayiloli ne, mai kwamfuta zai yi asarar aikinsa. Mafita ita ce ta sake bincika jakar gaba ɗaya.

Ɗalibi ya lura da kalmar aikatau a nan. “Kwasa” ɗaukar abu ne mai yawa, “kwaso” tana nuna an kawo shi wajen mai magana, “kwashe” kuwa tana nuna ba a bar komai ba. Manhaja mai kyau ita ce wadda take kwashe layinta kafin ya cika.