Fumfuna a Cikin Gida: Na'urar Auna Iska da Gwajin Ɗakin Bincike

Fumfuna na tsira ne duk inda danshi ya daɗe: bangon da ruwa ya jiƙa, silin da rufi ke yi wa yoyo, bayan kwaba, ƙarƙashin katifa. Tana yaɗuwa ta wasu ƙwayoyin iri da take saki cikin iska, akasarinsu tsakanin maikiromita 2 zuwa 10, alhali maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya. Shaƙar su na tayar da asma, tari da atishawa. Hanyoyi biyu ake bi wajen bincikenta, kuma kowace da tambayar da take amsawa.

Ta farko ita ce na'urar da ake ajiyewa a ɗaki tana aiki dare da rana. Wata 'yar fanka ce ke zuƙo iska ta ratsa hasken lesa; duk ƙwayar da ta gifta sai ta watsa hasken, na'urar ta ƙirga ta. Daga nan take fitar da alƙaluman yawan ƙananan ƙwayoyin da ke cikin iska, waɗanda ake kira PM2.5 da PM10, galibi haɗe da ma'aunin zafi da laima. Amfaninta shi ne nuna lokaci: ko laima na hawa da asuba, ko bayan wanka, ko duk tsawon damina. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ba da shawarar kada laimar ɗaki ta kai kashi 60 cikin ɗari. Sai dai na'urar girman ƙwaya take gani, ba ta san ko ta mece ce ba. Hazon hunturu, hayaƙin turaren wuta da na suya duk suna sa alƙalumanta su yi sama ko da babu fumfuna ko kaɗan.

Ta biyu ita ce ɗaukar samfuri zuwa ɗakin bincike. Ɗan injin zuƙa kan ja lita 15 ta iska a minti, na minti biyar zuwa goma, ƙwayoyin su manne a jikin gilashi mai danƙo, sannan masani ya ƙirga su da madubin likita. Akan ɗauki wani samfurin a waje don kwatantawa. Ana kuma manna salatif a kan tabon bango a ɗebo abin da ke wurin. Da yake ƙwayoyin fumfunar Aspergillus da na Penicillium sun yi kama matuƙa, akan rena su a faranti na kwana biyar zuwa bakwai kafin a bambance su, kuma masu rai kaɗai ke tsirowa. Gwajin DNA kuwa yana gano masu rai da matattu. Ma'aunin ERMI da EPA ta ƙirƙiro yana duba DNA na nau'in fumfuna 36 a cikin ƙurar gida.

Raunin wannan hanya shi ne gajartar lokaci. Samfurin minti biyar ba ya wakiltar yini guda, domin shara ko buɗe taga na sauya yawan ƙwayoyin nan take. Baƙar fumfunar Stachybotrys ma ƙwayoyinta masu danƙo ne, ba kasafai suke tashi ba, don haka tana iya cika bango samfurin iska bai nuna ta ba. Ga kuma kuɗi da jiran sakamako.

A jagorar da ta fitar a 2009, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ƙayyade adadin ƙwayoyin da za a ce lafiya lau ne ba. Magance danshi ta sa a gaba. Saboda haka in ana ganin fumfuna ƙuru-ƙuru, gwaji ba dole ba ne: a toshe yoyon, a busar da kayan da suka jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, a kankare tabon. Ɗakin bincike na da amfani in ana jin warin ruma ba a ga tushensa ba, ko likita na son sanin nau'in, ko ana so a tabbatar gyara ya yi. Na'ura kuma aikinta sa ido bayan gyara, don a farga da zarar danshi ya fara dawowa.