WAƘAR DA TA GAME GARI, BA WANDA YA ƘIDAYA TA

A shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta tilasta wa jama'a zaman gida, wata waƙa mai suna Jaruma ta fito daga bakin Hamisu Breaker, wani saurayi ɗan unguwar Ɗorayi ta birnin Kano. Kafin a ce kwabo ta ratsa Zariya da Kaduna ta sauka Suleja ta Jihar Neja, watau garin nan na kusa da Dutsen Zuma wanda ya ba babban birnin tarayya sunansa na asali, Abuja. Teloli da 'yan acaɓa da masu shayi kowa ita ce a wayarsa. Matan aure kuwa suka shiga ɗaukar hoton kansu suna taka rawarta a gaban mazansu suna watsawa a intanet, har malamai suka yi ta tsawatarwa.

To, amma in aka tambaya sau nawa gidajen rediyo suka sa ta, ko mako nawa ta yi tana kan gaba, sai a yi shiru. Ba a rubuta ba.

A Amurka ba haka abin yake ba. A watan Janairu na 2017 Luis Fonsi da Daddy Yankee, mutanen tsibirin Puerto Rico, suka saki Despacito, waƙar Sifaniyanci mai kiɗan da ake kira regeton. Mujallar Billboard, wadda kowane mako take haɗa lissafin sawa a rediyo da ciniki da saurare ta intanet, ta nuna cewa bayan da Justin Bieber ya sa muryarsa a ciki, waƙar ta yi mako 16 tana ta ɗaya a ƙasar. Da irin wannan lissafi ne mawaƙi yake yanka farashinsa, da shi kuma yake neman hakkinsa.

Ba wai ƙasar Hausa ba ta taɓa samun ma'auni ba ne. A zamanin da Rediyon Kaduna ke cin kasuwarsa, shirin Zaɓi Sonka shi ne alƙali. Mai saurare zai aika da kati yana gaida 'yan uwa da abokan arziki, ya roƙi a sa masa Shata ko Ɗan Maraya Jos, kuma yawan katunan shi ke nuna waƙar da ke tashe. Sai dai ma'aunin kunne ne, ba na littafi ba.

Yau hanyar ta sake. A bakin kasuwar Suleja da tashoshin mota akwai samari masu kwamfuta da ke tura wa mutum waƙoƙi cikin waya a kan 'yan kuɗi kaɗan, shi kuma ya tura wa maƙwabcinsa kyauta. Ta nan waƙar Hausa ta fi yawo, kuma ko sisi ba ya isa aljihun mai ita. Abincinsa yana wajen biki da wasan sallah da gangamin 'yan siyasa.

A cikin 2020 ɗin ne aka kafa TurnTable, mai fitar da jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Nijeriya kowane mako. Tana ƙidayar rediyo da talabijin da intanet, amma idonta bai kai teburin yaron da ke bakin tasha ba.